Sai Bayan Jarrabawa

Ranar Alhamis da hantsi Munawwara ta fito daga ɗaki da jaka a kafaɗa, ta kwance Mansura daga bayanta ta miƙa wa surukarta. Inna Hapsatu ta kai hannu ta kamo iska, sannan ta gyara ta karɓi yarinyar. Munawwara ba ta lura ba, hankalinta yana kan mai babur da ke jiranta a ƙofar gida. Ta nuna inda ta ajiye garin kunun yarinyar, ta ja kunne kada a ba ɗanta Khuzaima alewa, ta ce sai Lahadi in Allah ya kai mu. Har ta kai zaure ta juyo ta ce maganar asibiti tana ranta, da zarar an gama jarrabawar wannan zangon za a yi aikin.

Inna ta ce, "Allah ya ba da sa'a, 'yar nan."

Maganar ido ce ta kawo Inna Birnin Kudu. Bayan kaka ɗanta Ashiru, wanda ke aikin ofis a garin, ya sa aka ɗauko ta daga Basirka aka kai ta asibiti. Likita ya haska idanun, ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, ba abin da za a yi masa. Na dama akwai sauran gani, kuma za a iya tare shi in an yi aiki da wuri, kafin nan a riƙa ɗiga magani safe da yamma ba fashi. Ya ƙara da cewa bayan aikin sai ta yi makonni ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba zama kusa da hayaƙi.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta tsaya wa mutanen gidan a wuya. A makon ne Munawwara, wadda ke koyar da tattalin gida a makarantar 'yan mata, ta samu gurbin ƙaro karatu a jami'a, fannin girman yara da zaman iyali. Karatun ƙarshen mako ne, ta tafi Alhamis ta dawo Lahadi, sauran ranakun kuma tana aji. Mansura ba a daɗe da yaye ta ba, Khuzaima kuwa bai isa shiga makaranta ba. Mata da miji suka zauna suka ga cewa aikin ido ba guduwa zai yi ba, gurbin karatu kuwa in ya wuce ya wuce. Aka gyara wa Inna ɗakin da ke kusa da kicin, aka gaya wa dangi ta zo jinya ne da hutawa.

Ba wanda ya tambayi Inna. Ko da an tambaye ta ma, ba a gaban Ashiru za ta buɗe baki ba, domin shi ne ɗanta na fari. A gidansu, mutanen da suka tashi da shanu kafin su zauna su kama noma, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta roƙonsa komai. In ya zo gaishe ta da safe a bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta juya fuska wajen bango ta ce lafiya lau, ko da kuwa kanta yana sarawa. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan." Abin da duk take so ya ji, ta bakin matarsa zai bi.

Kwanakin farko ba su yi mata nauyi ba. Ta saba da aiki, zaman banza ne ma yake gajiyar da ita. Ta yi wa yaran wanka, ta dama kunu, ta wanke tsummoki, ta hura gawayi ta ɗora abincin Ashiru, ta zuba a kwano ta ba Khuzaima ya kai. Yaron ne abokin hirarta. Tana ce masa maigida, shi kuma kullum sai ya ce ya sake ta, tunda ba ta da haƙora kuma miyarta ba nama. Ta ce ai maigidan da bai taɓa kawo cefane ba shi ya kamata a kai ƙara. Su yi ta dariya har Mansura ta tashi daga barci.

Ranar Lahadi Munawwara takan dawo da gajiya da sabon ilimi. Ba mugunta gare ta ba, kuma ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya ba a lokacin. Za ta kawo mata goro da lemo, ta zauna a tabarma ta bayyana abin da aka koya musu: kada a tauna abinci a ba yaro, kada a tsorata shi da dodo, a riƙa yi masa magana ana kallon idonsa, domin shekarun farko su ne ke gina ƙwaƙwalwa. Inna takan ce to. Wata rana ta sa baki a hankali ta ce maganin ɗigawar ya kusa ƙarewa. Munawwara ta dafe kai ta ce ta gode da aka tuna mata, gobe za ta biya kyamis. Goben ta zo da tarin takardun ɗalibai, jibi aka yi taron malamai, ranar Alhamis kuma ta kama hanya. Inna ta riƙa matsa kwalbar har ta daina ba da komai, sannan ta ajiye ta a ƙarƙashin matashi.

Wajen tsakiyar zango aka ba su Munawwara aikin bincike a kan tarbiyyar gargajiya, aka ce kowa ya nemi tsohuwa ya yi hira da ita. Ita ba ta sha wahalar nema ba. Ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta ajiye waya tsakaninsu tana ɗaukar magana, ta tambayi Inna yadda ake yaye a da, da yadda ake goyo, da abin da ake ba mai jego. Can ta zo kan kunyar ɗan fari.

"Inna, yanzu ko me ya same ki ba za ki iya gaya wa Baban Khuzaima ba?"

"Ina ni ina wannan?"

"Ko da ciwo ne?"

Inna ta gyara ɗankwali. "Ai shi ya sa ake da ke, 'yar nan."

Munawwara ta ce wannan amsar ta yi kyau ƙwarai. Da ta dawo mako na gaba ta ba da labari cikin murna cewa malaminsu ya sa ta kunna hirar a gaban aji, aka yi ta muhawara, kuma ita ta fi kowa maki. Ta sayo wa Inna turmin atamfa. Inna ta shafa atamfar ta sa albarka. Ta ga akwai zane a jiki, amma ba ta iya raba ganye da fure ba.

Jarrabawa ta zo ta wuce. Inna ta wanke kayanta ta ɗaure a ɗankwali tana jiran a ce mata gobe. Sai azumi ya kama. Munawwara ta zo ta ce sun yi magana da Baban Khuzaima, ya ce bai ga dalilin taɓa idon tsohuwa da azumi a bakinta ba, a bari sai bayan salla. Bayan salla hutun jami'a ya ƙare. Aka sayo kwalbar magani guda, aka ce ta lallaɓa da shi zuwa ƙarshen zango na biyu, lokacin ne ake dogon hutu, Munawwara za ta zauna a gida ta yi jinyarta da kanta yadda ya kamata.

Ganin Inna ya riƙa tsukewa daga gefe. Abin da ke gabanta tana ganinsa, abin da ke dama da hagu kuwa sai ta juya kai gaba ɗaya. Ta zama kamar mai leƙen tsakar gida ta kafar ƙyaure. Ta yi tuntuɓe da turmi, ta yi karo da igiyar shanya, ta koyi tafiya tana jan ƙafa. Da rana in ta fito daga ɗaki hasken ya soke ta har cikin kai. Hayaƙin gawayi kuwa in ya shiga idon, hawaye ya yi ta zuba har bayan la'asar. Khuzaima ya ce matarsa ta zama mai kuka, shi zai ƙara aure. Ta ce ya je, ita ma ta huta.

Wata Asabar tana tsugune tana wanke shinkafa, kurfoti yana gefenta na dama da garwashi a ciki. Ta san ta zaunar da Mansura a tabarma da ludayi tana wasa. Ba ta ga tasowarta ba, ba ta ga wucewarta ba. Ƙarar yarinyar kawai ta ji. Ta yi wurgi da kwanon ta laluba ta fizgo ta, tafin hannun ya riga ya ɗora a bakin ƙarfen. Maƙwabciyarsu Rebeka, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, ita ta ji kukan ta shigo, ta tsoma hannun a ruwan sanyi, ta shafa magani ta naɗe. Da yarinyar ta yi shiru sai ta juyo ta tsaya a gefen Inna, ta ɗaga hannu tana kaɗawa. Inna ba ta motsa ba. Rebeka ta dawo gabanta ta tsuguna ta tambaye ta tun yaushe. Inna ta ce ai da sauƙi.

Munawwara ta dawo Lahadi ta ga hannun 'yarta a naɗe. Ranar ce ta fara ɗaga murya. Ta ce sau nawa ta faɗa cewa ba a ajiye wuta inda ƙaramin yaro yake, wannan shi ne darasin farko da take koya wa 'yan aji ɗaya, ga shi a gidanta aka yi. Ta rungume yarinyar tana kuka. Inna ta bari sai da ta yi shiru.

"'Yar nan, ban gan ta ba. Ba na ganin gefe. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne a tsakiya, shi ma yana dushewa. Ki gaya wa wancan."

Munawwara ta share hawaye. Ta ba da haƙuri, ta ce yau ɗin nan za ta gaya masa. Ta kuwa gaya masa bayan ya ci abinci, Inna tana jin su ta taga. Sai dai maganar da ta fita daga bakin Munawwara ba ita ce wadda Inna ta gaya mata ba. Ta ce idon Inna yana ɗan damunta, ya kamata a ƙaro magani, kuma da an gama jarrabawa a yi aikin nan a huta. Ashiru ya ce ai haka aka tsara tun farko. Ya ce shi kullum yana gaishe ta, kullum lafiya lau take ce masa, in da abin ya yi tsanani ai da an ji. Washegari ya sayo risho aka ɗora a kan tebur, ya ce an yi maganin matsalar wuta.

Rebeka ba ta haƙura ba. Ta tare shi a ƙofar gida yana shirin tayar da babur, ta ce masa ita ta ga irin wannan ciwon da yawa, ba ya jira, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ashiru ya saurare ta da ladabi. Ya ce ya gode, amma likita da kansa ya duba, kuma matarsa jami'a take, ta san abin da ya kamata. Ya ce su akwai yadda suke tafiyar da al'amarin iyaye a gidansu, wanda ba lallai na waje ya gane ba. Rebeka ta ce ita ba al'ada ta zo yi wa gyara ba, ido ta zo yi wa magana. Ya yi dariya ya ce Mama ke nan, ya ja babur ɗinsa. Daga ranar ya gaya wa matarsa a rage shige da ficen maƙwabta.

Da damina ta faɗi, Yunusa, autan Inna, ya zo daga Basirka a babur da damin rama da ƙwaryar nono. Shi babu kunya tsakaninsu, da sunansa take kiransa, har ta ja masa kunne. Ya durƙusa a gefenta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wajen. Ya miƙa mata ƙwaryar, ta laluba. Yunusa ya jira har Ashiru ya dawo daga ofis. A zaure suka yi maganar, amma muryoyin sun iso tsakar gida. Yunusa ya ce shi gobe zai kai ta asibiti, in an yi aikin ya tafi da ita gida matarsa ta yi jinya. Ashiru ya tambaye shi yaran fa, wa zai riƙe su, ga matarsa an tura ta koyarwar gwaji Gwaram, kullum sai ta fita da sassafe ta dawo da yamma, in ta fasa kuwa shekara guda ta zube.

Yunusa ya ce, "Yaya, a nemi wata ta riƙe su mana."

"Wace wata? Maman Khuzaima ta ce ba a barin yaro a hannun baƙo a wannan shekarun, yana taɓa masa hankali. Kuma kai ne za ka zo daga ƙauye ka koya mini yadda ake riƙe uwa? Me ta rasa a gidan nan?"

Inna ta aika Khuzaima ya kira mata Yunusa. Ta ce masa in yana son albarkarta ya hau babur ɗinsa ya koma, kada ta ji an ce 'ya'yanta sun yi sa-in-sa a kanta. Ta ce saura kaɗan a gama karatun zangon, an yi mata alkawari. Yunusa ya ce Inna idonki ne fa. Ta ce ta sani, ai a jikinta yake. Ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Makonnin koyarwar gwajin su suka fi tsanani. Munawwara tana fita kafin yara su tashi, ta dawo ƙafafu a kumbure, ta zauna tana yanka kwali tana zana hoton abinci mai gina jiki da na iyali a zaune a tabarma ɗaya, saboda malamin da zai zo duba ta. Inna ta daina fita tsakar gida sai dole. Ta ɗaure wa Mansura ƙaramar ƙararrawa a ƙafa don ta riƙa jin inda ta nufa. Munawwara ta ga ƙararrawar ta ce dabara ce mai kyau, za ta ambace ta a aji, tana taimaka wa yaro ya san motsin jikinsa. Ba ta tambayi dalilin ɗaura ta ba. Wataƙila ta sani, shi ya sa ba ta tambaya ba.

Koyarwar gwaji ta ƙare, jarrabawa ta kama. A cikin makon jarrabawar ne, wata safiya, Inna ta idar da salla ta zauna tana lazimi tana jiran gari ya waye. Ta ji kaji sun sauko, ta ji mai ƙosai tana talla a waje, ta ji Khuzaima yana neman takalminsa. Ta fito bakin ƙofa. Zafin rana ya sauka a hannunta, ta ɗaga fuska ta juya ta ko'ina. Ba ta ga komai ba. Ta daɗe a tsaye, hannunta a jikin bango. Sai Mansura ta farka da kuka, ƙararrawar tana ƙara. Inna ta bi ƙarar ta ɗauke ta, ta goya, ta laluba ta dama kunu, tana gane kaurinsa da nauyin ludayi.

Ashiru ya zo bakin ƙofa ya durƙusa ya tambayi kwanan jiki. Ta juya wajen bango ta ce lafiya lau. Munawwara kuwa tana can jami'a, sauranta takarda biyu, kuma Inna ta ga ba amfanin a tayar mata da hankali a kan abin da ya riga ya faru. Haka ta ƙarasa makon. Ta san inda randa take, ta san inda buta take, Khuzaima kuma yana miƙo mata abin da ta nema yana ce mata raguwa.

Ranar Lahadi Munawwara ta shigo da fara'arta, ta sauke jaka ta ce alhamdu lillahi an gama, yanzu ba abin da ya rage sai Inna. Ta ce ta riga ta yi magana da Baban Khuzaima, gobe da safe sai asibiti, kuma ita da kanta za ta yi jinya, ko tsinke Inna ba za ta ɗaga ba. Ta ciro sabon mayafi ta ɗaga tana tambaya ko launin ya yi. Inna ta ce ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Tana maganar fuskarta tana kallon inda Munawwara ta tsaya ɗazu, ba inda take yanzu ba. Munawwara ta sauke mayafin a hankali. Ta shige ɗaki.

A asibiti likitan ya gane su da ya duba katin. Ya zaunar da Inna, ya haska idon dama, ya matso da fitilar, ya sake haskawa. Ya tambaye ta ko tana ganin haske, ta ce a'a. Ya kashe fitilar ya jingina da kujera. Ya ce jijiyar ta mutu, ba aikin da zai dawo da ita, nan ko wani wuri. Sannan ya dubi Ashiru.

"Malam, tun bara na ce a kawo ta. Me ya hana?"

Ashiru ya gyara hula. Ya ce abubuwa ne suka yi yawa, ga azumi, ga karatun iyali, kuma suna saya mata magani. Likita ya zuba masa ido. Sai Ashiru ya ƙara da cewa, "Kuma wallahi ba ta taɓa gaya mini ya yi tsanani ba. Kullum lafiya lau take ce mini."

Munawwara ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Likita ya juya wajen tsohuwar ya tambaye ta ko haka ne.

Inna ta ce, "Gaskiya ya faɗa, likita. Ban gaya masa ba."

Likitan ya yi mata faɗa kaɗan, irin faɗan da ake yi wa tsofaffi, ya ce ciwo ba a ɓoye shi, ga abin da ɓoyon ya jawo. Ta ce ta ji, a yi haƙuri. Ya rubuta maganin rage ciwon kai ya kira na gaba.

A gida Munawwara ta yi kuka sosai, ta yi kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Ta kai wa Inna ruwan alwala, ta wanke mata kaya, ta riƙe hannunta zuwa bayan gida. Ashiru ya gaya wa abokansa a majalisa cewa an yi iya ƙoƙari, amma abin da Allah ya rubuta ba makawa, kuma mutanen da can akwai su da zurfin ciki. Aka yi masa jaje, aka yaba yadda ya riƙe mahaifiyarsa.

Da hutu ya zo ƙarshe sai aka fara wata maganar. Munawwara ta ce a karatunsu an nuna cewa wanda ya rasa gani ya fi samun natsuwa a inda ƙafarsa ta saba, cikin mutanen da ya sani. Ashiru ya ce shi ma abin da ya gani ke nan, gidan nan ga matattakala, ga yara suna zubar da kaya a hanya, kada ta faɗi a shiga uku. Ba wanda ya ce tsohuwar da ba ta gani ba za ta iya riƙe yara ba, balle a bar ta ita kaɗai daga Alhamis zuwa Lahadi. An dai ji Munawwara a waya tana tambayar yayarta ko har yanzu ƙanwar mijinta tana zaune ba ta komai. Maganar cewa baƙo yana taɓa hankalin yaro ba a sake tayar da ita ba.

Yunusa ya zo ɗaukar Inna. Bai shiga gidan ba, a tasha ya jira. Munawwara ta haɗa mata kaya, sabulu da man shafawa da garin kunu, ta durƙusa ta ce Inna ki yafe mini. Inna ta laluba ta dafa kanta ta ce ba komai, ta kula da hannun Mansura kada ta riƙa sosawa, tabon yana ƙaiƙayi in an yi zafi. Khuzaima ya riƙe zaninta ya ce shi bai sake ta ba, wasa yake yi. Ta ce ta sani, maigida.

Ashiru ya kai ta tasha, motar Basirka tana lodi. Yunusa ya shigar da ita ya zaunar a bakin taga, ya zagaya ya ɗora kayan. Ashiru ya zo ya tsaya a jikin motar, ya rage murya ya ce Allah ya kiyaye hanya, zai riƙa leƙowa, in ana bukatar wani abu a aiko. Inna ta ji inda muryar take fitowa. Ta saba in ta ji ta ta kawar da kai, wuyanta ma har ya fara juyawa da kansa. Sai ta tsaya. Babu sauran abin da za ta kawar. Ta juyo da fuskarta gaba ɗaya ta fuskance shi, idanun a buɗe.

Tun da aka haife shi Ashiru bai taɓa ganin fuskar mahaifiyarsa kusa haka ba. Ya ga ramar kumatun, ya ga layin da hawayen hayaƙi ya bari a gefen hanci, ya ga idanun da suke kansa ba su san yana wurin ba. Bai iya jurewa ba. Shi ne ya juya fuska, ya shiga yi wa kwandasta magana a kan ɗaurin kaya.

Mota ta tashi, Inna tana nan yadda take, tana fuskantar inda ta ji muryarsa.